Darasin lafiya: a tanadi ƙarfin tsoho kafin a yi masa aikin sankara

Ƴan'uwa masu karatu, kowane manomi ya san ba a ɗaura wa ramammen bijimi galma. Tun kafin ruwa ya sauka ake ba shi harawa da dusa. Haka nan tsoho ko tsohuwar da likita ya sa wa ranar aikin fiɗa saboda ciwon sankara, wanda ake kira ciwon daji ko kansa. Kwanakin jiran aiki kwanakin tanadin ƙarfi ne.

Me ya sa tsoka take da muhimmanci?

Tsoka ita ce naman jikin da muke tashi, muke tafiya, muke numfashi da shi. Tana raguwa da girma, musamman bayan shekara 60. Ciwon sankara yana ƙara cinye ta, yana kuma kashe sha'awar abinci. Kwanciya ma tana cin tsoka. A shekarar 2007, a Amurka, an gwada tsofaffi masu lafiya da kwanciyar kwana 10 a gado. Naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo 1.

Tsoka kamar rumbu take. Bayan aiki, majinyaci ba ya iya cin abinci sosai, sai jiki ya riƙa ɗiba daga tsoka don ya haɗe rauni, ya yaƙi ƙwayoyin cuta. Wanda rumbunsa ya ƙare yakan daɗe a asibiti, rauninsa ya yi jinkirin warkewa, ciwon huhu ya same shi cikin sauƙi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yaya za mu gane tsoka ta ragu?

1. Tufafi sun yi masa yawa, cinyoyi da damatsa sun sirance.
2. Nauyinsa ya ragu fiye da kashi 5 cikin 100 a wata 6. Ga mai kilo 60, wannan ya fi kilo 3.
3. Ya zauna a kujera, ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa, ƙarfinsa ya ragu.

In mun ga ɗaya daga cikin waɗannan, mu faɗa wa likita tun ranar da ya sa lokacin aiki.

Abinci

Kunu tsarara da shayi ba su gina tsoka. Ana bukatar abinci mai gina jiki, wanda ke ɗauke da abin da likitoci ke kira furotin. Mai ciwon sankara yana bukatar giram 1 zuwa 1 da rabi a kan kowane kilo na nauyinsa, kowace rana. Mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 90.

Ba sai mun sayo abincin kanti ba. Ƙwai ɗaya na kaza yana ba da kamar giram 6. Rabin lita na madara yana ba da kamar 16. Busasshen wake giram 100 yana ba da fiye da 20, haka ma gujiya. Akwai kuma ƙuliƙuli, awara, kifi, kilishi, soyayyar fara da ganyen zogale.

Tsohon da ba ya son abinci, kada a aje masa babban akushi. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. A dama masa fura da nono mai kauri. A zuba garin ƙuliƙuli a kunu da miya. In ba shi da haƙora, a yi masa alala ko faten wake. A tafasa madara kafin a sha. A zubar da gujiyar da ta yi fumfuna, domin tana da dafin da ke ɓata hanta.

Motsa jiki

Abinci kaɗai ba ya zama tsoka sai an motsa jiki. Ga abin da tsoho zai iya yi a gida, wani yana kusa da shi:

1. Tafiya da safe ko da yamma, minti 10 da farko, a riƙa ƙarawa har minti 30.
2. Tashi da zama a kujera sau 10, a huta, a sake.
3. Ɗaga kwalbar ruwa ta lita 1 da kowane hannu sau 10. Nauyin ruwan kilo 1 ne.
4. Jan numfashi mai zurfi sau 10, safe, rana da dare.

Ko mako 2 zuwa 4 suna da amfani. Mai shan taba ya bar ta, in da hali mako 4 kafin aiki.

Hattara

A tsaya nan take in ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya kama shi, ko numfashi ya sarƙe. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai ciwon sukari ko na zuciya, da wanda sankara ta taɓa ƙashinsa, su nemi shawara tukuna. A faɗa wa likita duk saiwa ko sassaƙen da ake sha. A daren aiki, a bi umarninsa game da lokacin daina ci da sha.

Babban gargaɗi: kada a ɗaga ranar aiki da sunan jiran ƙarfi, domin sankara ba ta jira. Likita kaɗai ke da wannan hukunci, ko a Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take, ko a manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Mukan ce wa iyayenmu su kwanta su huta saboda tausayi. A wannan hali, tausayin da ya fi shi ne mu kama hannunsu mu zaga gida tare, mu kuma zauna kusa da su har su ci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Tambayoyi don ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa muka kwatanta tsoka da rumbu?
2. Tsohuwa mai kilo 50, giram nawa na furotin take bukata a yini?
3. Ku rubuta abinci 5 masu gina jiki da ake samu a kasuwar garinku.