Darasin Lissafi: Yadda Lambobin Saiti Ke Gusar da Zane

Ɗalibai, kowa ya ɗauko takardar giraf. Yau da ƙa'ida ɗaya za mu yi aiki, y = x², wato a ɗauki lamba a ninka ta da kanta. In aka zana ta, lanƙwasa ce mai siffar ƙwarya, gindinta zaune a kan (0, 0). Sunanta farabola. To, bari mu sa mata lambobin saiti uku: y = a(x − h)² + k.

Mu fara da k, shi ne mai sauƙi. In ya zama 5, zanen gaba ɗaya ya hau sama taki biyar. In −5 ne, ya sauka. Siffa tana nan yadda take.

Shi kuwa a, siffar yake taɓawa. A y = 2x², inda x yake 3, amsa ta tashi daga 9 zuwa 18, sai ƙwaryar ta tsuke. In a rabi ne, bakinta ya buɗe. In ya gaza sifiri, ta kife.

Wurin h ne ɗalibai suke yawan tuntuɓe, don haka ku natsu. Mutum ya ga y = (x − 3)², ya ga alamar ɗebewa, sai ya ja zanen hagu. Kuskure ne, dama yake tafiya. Ku tambayi kanku: a ina abin da ke cikin baka zai zama sifiri? Sai x ya kai 3. To, can gindin ya koma, (3, 0). Haka (x + 3)² zai kai shi −3, wato hagu. Kada ku haddace. Neman sifirin nan ya fi hadda aminci a ɗakin jarrabawa.

Abu na ƙarshe, a kula da wanda ake fara yi tsakanin ninki da ƙari. Ga ƙa'idar mayar da ma'aunin zafi na Salshiyos zuwa Faranhait, wanda Amurka ke amfani da shi: F = 1.8C + 32. Zafin bazara mai digiri 40, in an ninka da 1.8 ya ba da 72, a ƙara 32, ya zama 104. Wanda ya fara da ƙari kafin ninki zai samu 129.6, ya kuwa faɗi.

Aikin gida: ku zana y = −2(x + 1)² + 8. Ku nuna inda ƙololuwarta take, da wurare biyu da ta ratsa layin x. Gobe da safe zan karɓa.