Sai Bango Ya Tsage: Maido da Amana a Wurin Aiki

Karatu: Nehemiya 5:1-19
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 4:1

Wanda ya taɓa shiga Kasuwar Hatsi ta Dawanau, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, ya san cewa amana ce ke tafiyar da ita. Tireloli na sauke masara, dawa, gero da wake, ana kuma loda riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje. Kowane buhu yana bi ta hannun mai awo, mai ɗinki, ɗan dako, akawu da maigadi, sau da yawa babu ko takarda a tsakani. A farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun naira 200, 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Leburan da ya saba karɓar ladansa da yamma sai ya koma jin “ka dawo gobe”. A irin wannan lokaci ne zato ke shiga tsakanin maigida da yaransa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nehemiya ya san wannan tsagewar. Yana jagorantar sake ginin garun Urushalima a zamanin sarki Artashate na Farisa, sai mutanen Yahuza suka soma cewa ƙarfin masu ɗaukar kaya ya ƙare (Nehemiya 4:10). A sura ta 5 kuka ya fito fili, kuma a kan hatsi ne. Waɗansu sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami abin ci, waɗansu sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Masu cin moriyar wannan hali kuwa 'yan'uwansu ne da suke aiki tare. Ga abin da ya yi.

1. Ya saurara, ya yi tunani kafin ya yi magana (aya 6-7). Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai huce a kan masu kukan ba. Ƙaunatacce, idan ma'aikatanka sun daina gaishe ka da sakin fuska, suna yin shiru da zarar ka shigo sito, kada ka yi saurin kiransu malalata. Ka zauna da su, ka tambaya, ka bar su su gama magana.

2. Ya sa kansa cikin masu laifi (aya 10). A gaban taro ya faɗi cewa shi da 'yan'uwansa da barorinsa su ma suna ba da rancen kuɗi da hatsi, ya ce a daina karɓar ruwa. A ce buhu biyu sun ɓata a sito, ka yanke kuɗinsu daga ladan kowa, daga baya aka gano kuskuren lissafi ne. Tun da a gaban kowa ka zarge su, a gaban kowa ya kamata ka wanke su.

3. Ya sa aka mayar da abin da aka karɓe, a ranar (aya 11-12). Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Ban haƙuri da baki yana da kyau, amma ba ya sayen tiyar gero. Shari'ar Musa ta umarta a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, domin a kan ladan nan ya dogara (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Yakubu 5:4 ya gargaɗe mu cewa ladan masu girbi da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Idan ba ka iya biya gaba ɗaya, ka faɗi nawa ake binka, ka sa rana, ka cika ta.

4. Ya dawwama a kan halin (aya 14-18). Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya halatta ga gwamna ba, ko da yake mutum 150 ne ke ci a teburinsa. Dalilinsa tsoron Allah ne. Amanar da ta karye ba ta ɗoruwa da kyautar rana ɗaya. Ma'aikata suna kallon sikelinka, alkawarinka, da yadda kake yi wa ɗan ƙanenka hukunci idan ya yi laifin da bare ya yi.

Bayan wannan gyara aikin ya ci gaba, aka gama garun cikin kwana 52 (Nehemiya 6:15).

Kai ma'aikaci, kana da naka rabo. In kana rage awo, ko kana huda buhu kana tara tsintuwa, ko kana kai gulmar abokin aikinka wurin maigida, kai ma kana faɗaɗa tsagar. Zakka bai tsaya ga tuba da baki ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta (Luka 19:8). Yawancin waɗanda muke aiki tare da su a kasuwa ba za su taɓa jin wa'azinmu ba, amma suna ganin mudunmu kullum.

Tambayoyi
1. Akwai wanda yake binka lada, ko kake masa zargin da ba ka tabbatar ba?
2. Wane alkawari ka yi a wurin aiki wanda har yau ba ka cika ba?
3. Me za ka mayar kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a
Ya Uba, ka bincike zuciyata ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. Ka nuna mini haƙƙin da na riƙe, ka ba ni ƙarfin hali in mayar. Ka warkar da ɓacin ran da ke tsakanina da abokan aikina, ka sa albarka a kan aikin hannuwanmu. A cikin sunan Yesu, Amin.