Sanyin Jos da Gardamar Sauyin Yanayi

Garin Jos a kan tudu yake, tsayinsa daga gaɓar teku ya kai mita 1,200. Shi ya sa ya fi Kano da Sakkwato sanyi, shi ya sa kuma dankalin turawa yake yi a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Amma zauna da dattawa a kasuwar Farin Gada ka ji. Za su ce maka sanyin dā ya ragu, damina kuma ba ta da alƙawari: ruwa ya sauka, manomi ya yi shuka, sai ya ɗauke. A kan wannan ba a cika musu ba. Musu yana tashi ne in aka ce da hannun ɗan Adam a ciki.

Ga abin da masana suka gano. In an ƙona fetur ko gas ko kwal, wata iska marar launi tana fita, ana ce mata iskar kabon. Tana taruwa a sama, ta hana zafin rana komawa duka, kamar mutum ya ƙara bargo a kan bargo. Kafin zamanin injuna, in an raba iska kashi miliyan ɗaya, kashi 280 ne nata. Yau ta haura 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma ba a taɓa auna shekara mai zafin 2024 ba kafin ita. Itatuwa suna shan wannan iska, don haka sare daji yana ƙara ta.

To, me ya sa wasu ba su yarda ba?

Wani sanyin safiya ne hujjarsa. Hunturu ya kankama a watan Janairu, yana rawar ɗari a gindin mai shayi, sai ya ce, "Ina zafin da ake faɗi?" Amma safiya ɗaya ba ta isa shaida ba. Masana suna haɗa awon shekara 30 kafin su ce yanayin wuri ya sauya.

Wani kuma cewa yake, "Ruwa da rana ikon Allah ne." Gaskiya ne, kuma Musulmi da Kirista a Jos duk sun yarda da haka. Sai dai wanda ya ce haka, in ɗansa ya yi zazzaɓi yakan kai shi asibiti, in gona ta gaji yakan sa mata taki. Yarda da ikon Allah ba ta hana sanin sababi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashin yarda da mai maganar. Mutanen Jos ba su manta ba. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka haƙi kuza a wannan tudu, suka kwashe, suka bar ramuka da kududdufai da har yau suke cin mutane da dabbobi. Yanzu kuma daga can ake cewa a daina ƙona itace. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, mata da yawa sun koma gawayi. Ka je ka ce wa mai sayar da gawayi sana'arsa tana ɓata duniya, bayan da ita yake ciyar da gida. Ba zai saurare ka ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Mutum ba ya saurin gaskata maganar da za ta taɓa tukunyarsa. Amma a lura: mai cewa "su suka ɓata, mu muke shan wuya" ya riga ya yarda cewa mutane ne suka ɓata. Ƙorafinsa a kan adalci ne, awon yana nan yadda yake.

A ƙasashen waje ma akwai masu musu, wasu don kuɗi. Tun ƙarshen shekarun 1970 masanan kamfanin mai na Exxon a Amurka suka faɗa wa shugabanninsu illar wannan iska. Bayan haka kamfanin ya ba da kuɗi ga ƙungiyoyin da ke sa wa jama'a shakka.

Akwai kuma masu yarda fiye da kima, kome ya faru su ce sauyin yanayi ne. A watan Yuli na 2012 aka yi ruwa mai yawa, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ambaliya ta shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka rasu. Iska mai ɗumi takan ɗauki danshi da yawa, don haka ruwa mai ƙarfi yana ƙaruwa a duniya. Amma gidajen da aka gina a hanyar ruwa fa? Magudanun da shara ta toshe fa? Wannan aikin hannunmu ne a nan gida, kuma jami'in da ya jingina komai ga sauyin yanayi yana neman hanyar zamewa ne.

In ka ji magana a rediyo ko a WhatsApp, tambayi wanda ya auna, da shekarun da ya yi yana awo, da abin da mai maganar zai samu in ka yarda. Kai ma kana iya awo. Ware shafi a littafinka. Rubuta ranar ruwan farko, da ranar da ka yi shuka, da kwanakin da ruwa ya ɗauke, da ranar ruwan ƙarshe. Hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Nemi na ƙaramar hukumarku a wurin malamin gona, ka rubuta shi a gefe, in kaka ta yi ka gwada shi da naka.