Darasin Asiya: Malami Ya Fara Koya Kafin Ya Koyar

Fiye da rabin mutanen duniya a nahiyar Asiya suke zaune, amma ɗalibi yakan gama sakandare bai san kome game da ita ba sai fim ɗin Indiya. Dalili kuwa shi ne, yawancin malamai su ma ba a koya musu ba. Saboda haka gyara daga ɗakin malamai zai soma.

Hanya mai sauƙi ita ce malamai su riƙa zama sau ɗaya a wata. Kowa ya ɗauki abu guda da yara ke gani kullum, ya binciko asalinsa, ya koya wa 'yan'uwansa.

Malamin lissafi ya ɗauki lambobin da muke rubutawa a allo. Daga Indiya suka fito, Larabawa suka yaɗa su. Wani masani Ba'indiye, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idodin aiki da sifiri a shekarar 628. Malamin tarihi ya ɗauki takarda, wadda Cai Lun ya kyautata yinta a ƙasar Sin wajen shekarar 105. Malamin Littafi Mai Tsarki ya buɗe taswira ya nuna cewa Baitalami da Urushalima duk a Asiya suke.

Wanda ya fara gwada darasinsa a gaban abokan aiki zai ji tambayoyin da yara za su yi masa, ya shirya amsa tun da wuri. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya taimake mu, amin.