Amfanin Cin Abinci Tare a Gida

Malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, ga wata magana da na samo daga wurin gwajin aikin koyarwa, ina so mu dube ta tare.

An tura ni wata makarantar firamare a Mamudo, kusa da Potiskum. A cikin ajina akwai wani yaro mai kai, amma kullum kafin a fita tara sai ya kifa kai a kan benci yana gyangyaɗi. Da fari na ɗauka lalaci ne, har na yi nufin in hore shi. Ran nan na kira shi waje ɗaya na ce, "Me ka karya da shi yau?" Ya ce, "Malam, ban ci kome ba." Na ce, "To, jiya da dare fa, da wa ka ci tuwo?" Ya ce, "Ba a yi tuwo ba. Baba yana kan hanya da mota, Inna ta ba ni kuɗi na sayi awara a bakin titi." Kashegari na tambayi ajin duka, wa ya ci abincin dare tare da babba a gidansu? Hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Tun daga ranar na gane barcin yaron nan daga gida ya taso.

Kada wani ya ce cin abinci tare al'adar Turawa ce, ta tebur da cokali. Mu ma muna da tamu tun kaka da kakanni. A ƙasar Potiskum, ko Ngizim, ko Karekare, ko Bolewa, ko Hausawa da Fulani, duk sun san akushi guda da hannuwa da yawa. Maigida yakan zauna a zaure da 'ya'yansa maza, uwargida kuwa a tsakar gida da 'yan mata da ƙananan yara. Har ma maƙwabta kowa yakan fito da kwanonsa a haɗa, shi ne ake kira ciyayya. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi, ba wanda ya san asirinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Me ya rage wannan al'ada? Potiskum gari ne na fatauci. Kasuwar shanunta tana cikin manya a Afirka ta Yamma, mutanenta kuma sun yi suna wajen tuƙin manyan motoci, saboda haka magidanta da yawa sukan yi kwanaki ba su kwana gida ba. Ga gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu sun janye samari. Ga kuma tsadar hatsi, wadda ta ƙaru ƙwarai bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Duk da haka, abin da muke yin hasara ya fi abin da muke tsammani. Bari in lissafta huɗu.

Na farko, ladabi. A bakin akushi ne yaro yakan koyi wanke hannu, da ambaton sunan Allah kafin loma ta fari, da cin gabansa ba tare da ya tsallaka gaban wani ba. Nan yake koyon kada ya taɓa nama sai babba ya raba, ya kuma rage wa ƙanensa. Wannan haƙuri da adalci ne, ba kuwa a koyar da su da alli. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, lafiya. Uwar da ke zaune kusa da ɗanta ita ce za ta fara ganin ya janye hannu da wuri, ko idonsa ya yi fari, ko jikinsa da zafi. Sau da yawa ƙin cin abinci shi ne alamar farko ta zazzaɓin cizon sauro. Yaron da aka miƙa wa kuɗi ya tafi bakin titi, ba wanda ya san ko ya ci, ko alewa ya saya.

Na uku, tattali. Kuɗin da yara biyar za su kashe kowa daban, in an haɗa shi aka sayi gero ko dawa, da ɗan wake, da kuka ko zogale, tukunya guda za ta ishe su, ta kuma fi gina jiki. Gama hatsi shi kaɗai ba ya cika abin da jiki ke bukata, amma in an gama shi da wake ko gyaɗa sai su cike wa juna. Ɗumamen da ya kwana kuwa shi ne karin kumallon ɗan makaranta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na huɗu, a bakin akushi gida yake ƙidaya kansa. In an sa hannu, nan take za a ce, "Ina wane?" Yaron da ya san za a neme shi da magariba ba ya nisa, in kuma ya shiga mugun abota ko shaye-shaye, uba zai gani a fuskarsa tun abin bai yi ƙarfi ba. Mutanen Mamudo sun san nauyin wannan tambaya fiye da kowa. Ran 6 ga Yuli 2013, kafin gari ya waye, 'yan bindiga suka faɗa wa makarantar sakandare ta kwana da ke garin, suka kashe mutanen da ba su kasa 42 ba, yawancinsu 'yan makaranta. Ba laifin iyayensu ba ne ko kaɗan. Amma wanda ya ga gurbin ɗansa a bakin kwano ba kowa, ba zai yarda ya ci shi kaɗai ba alhali sauran 'ya'yansa suna raye.

Sai dai al'adar tana da wuraren gyara. Kada kowa ya tsoma hannu cikin ƙwarya guda ta wanke hannu, gama ta haka kwalara da gudawa suke yaɗuwa. A zuba ruwa da buta, a sa sabulu. Yaro ƙarami, wanda ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, a zuba masa nasa a ɗan kwano kusa da uwarsa, domin ba ya iya tsere da yayyensa a kwano guda. Kada kuma a kai tsoka duka zaure a bar uwa mai ciki ko mai goyo da ƙanzo.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 sau ɗaya a rana. Taimako ne mai kyau, amma kwano ɗaya a makaranta ba ya maye gurbin uwa da uba.

To, mu malaman gobe, mene ne namu? Kafin mu ɗauki bulala mu tambayi yaro abin da ya ci. Mu sa wannan magana cikin darasin kiwon lafiya, mu kuma faɗe ta a taron iyaye. Ni dai na je gidan yaron nan ranar da ubansa ya dawo. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ɗanka yana da kai, yunwa ce ke kayar da shi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wallahi ban sani ba, ina tsammani kuɗin da nake bari ya isa." Aka shirya in yana kan hanya yara su riƙa ci tare da kakansu, a kuma ajiye ɗumame. Kafin in gama kwanakina gyangyaɗin ya ragu ƙwarai.

Hutu ya kusa. Kowannenmu in ya koma gida ya ajiye waya, ya wanke hannu, ya kira ƙannensa su zauna. Allah ya sa albarka.