Mahaukaciyar Guguwa Na Tafe: A Gudu Ko A Zauna?

Duk shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mazauna gaɓar tekun Amurka ta kudu da ta gabas da kuma tsibiran Karebiyan ba sa nisa da labaran yanayi. Lokacin mahaukaciyar guguwa ke nan, kuma ta fi ƙamari a Agusta da Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama a wajenmu. Akwai dalili. Da yawa daga cikin manyan guguwowin nan daga Afirka ta Yamma suke tasowa. Hadarin da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma, idan ya fita ta wajen Senegal ya hau Tekun Atlantika ya tarar da ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 27, sai ya yi ta shan tururi yana juyawa yana ƙara ƙarfi, har ya kai matsayin da za a raɗa masa suna.

Abin da nake so mu duba, 'yan uwa ɗalibai, shi ne shawarar da maigida zai yanke idan aka ce masa guguwa na tafe nan da kwana biyu: ya kwashi iyali ya bar gari, ko ya rufe ƙofa ya zauna? Daga nesa amsar kamar mai sauƙi ce. Abin da ya faru a Amurka a 2005 ya nuna ba haka ba ne.

Bari mu fara da bayanan da ake ba mutum. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa tana birnin Miami. Tana fitar da sanarwa iri biyu: ta farko, wadda ke cewa a zauna cikin shiri, tana fitowa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ta biyu, gargaɗi na ainihi, awa 36. Sannan akwai taswirar nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin. Mutane da yawa suna ɗauka girman guguwar take nunawa, wai duk wanda ke wajen layin ya tsira. A'a. Hanyar da ake hasashen cibiyar guguwar za ta bi ce kawai, kuma ko ita cibiyar takan kauce daga cikin mazurarin kusan sau ɗaya cikin uku. Iska da ruwa kuwa suna kaiwa ɗaruruwan kilomita daga cibiyar.

Sai kuma mataki. Ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa guguwa gida biyar: mataki na 1 yana farawa daga iska mai gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. To a nan ne, a ganina, babban ruɗin yake. Ma'aunin nan iska kaɗai yake aunawa, alhali ruwa ne ya fi kisa. Wani nazari da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya gano kusan mutum tara cikin goma ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabi toroƙon teku ne, wato tulin ruwan da iska ke turowa daga teku ya hau kan tudu. Guguwar Ike ta 2008 mataki na 2 ce kacal lokacin da ta sauka Texas, amma ruwan da ta turo ya share gidaje a gaɓar da ke kusa da Galveston. Shi ya sa jami'an agaji a can suke koya wa mutane cewa iska ana iya ɓuya mata a cikin gini mai ƙwari, ruwa kuwa sai dai a bar masa wurin. Tambayar farko ke nan da maigida zai yi wa kansa: gidana yana inda ruwa zai kai? Hukumomi sun kasa garuruwan gaɓa shiyya-shiyya saboda wannan, kuma ana so kowa ya san shiyyarsa tun kafin lokacin guguwa ya shigo.

Yanzu ga Katrina. Birnin New Orleans na jihar Louisiana kamar kwano yake: babban ɓangarensa yana ƙasa da doron teku, ga kogin Mississippi a gefe ɗaya, ga tafkin Pontchartrain a ɗaya gefen, ganuwoyin tare ruwa da injinan zuƙe shi ne ke riƙe da garin. Ranar Lahadi 28 ga Agusta 2005, Katrina ta kai mataki na 5 a cikin teku. A safiyar ranar ce magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fita dole, karo na farko a tarihin birnin, ƙasa da kwana ɗaya kafin ta iso. Ta sauka da asubahin Litinin 29 ga wata tana mataki na 3. Ganuwoyin suka ɓalle, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Fiye da mutum 1,300 ne suka rasu a duk inda ta shafa.

Gaskiya, fitar ta yi aiki ga masu hali. An mayar da dukkan hannuwan manyan tituna suna fita daga gari, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar yankin. Waɗanda suka rage fa? Nan ne ya kamata mu tsaya, domin idan kana kallon hotunansu a kan rufin gidaje sai ka ce taurin kai ne. Wasu kam taurin kan ne. Amma kusan gida ɗaya cikin huɗu a birnin ba su da mota, kuma tsarin fitar gaba ɗaya a kan mota aka gina shi. Motocin bas na makarantu, da za su iya kwasar dubban mutane, suna ajiye a fili har ruwa ya shanye su. Ga shi ƙarshen wata ne. Duk ɗalibin da ya taɓa jiran alat ranar 28 ga wata ya san halin da aljihu ke ciki. To ka ce wa irin wannan mutum ya sayi mai, ya kama ɗakin otal na kwanakin da bai san adadinsu ba, ya ciyar da iyali a hanya. Wasu sun zauna saboda tsohuwar da ba ta iya tafiya, wasu saboda tsoron ɓarayi, wasu saboda an ce ba a shiga mafaka da kare ko mage. Wannan na ƙarshen zai iya ba mu dariya, amma ya yi girman da a 2006 sai da aka kafa doka ta tilasta wa jihohi su sa dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a. Wanda ya ga yadda makiyayi ke ƙin barin shanunsa ba zai yi mamaki sosai ba.

Akwai kuma dalilin da na fi ganin haɗarinsa, wato sabo. Shekara ɗaya kafin nan, a Satumbar 2004, an ce musu su gudu saboda guguwar Ivan. Sun fita, wasu suka yi awa goma ko fiye a cunkoson motoci kan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, sai guguwar ta karkata ta sauka Alabama. Da Katrina ta zo, akwai masu cewa ai bara ma haka aka ce. Tsofaffi da suka ga guguwar Betsy a 1965 suka tsira sun ɗauka wannan ma za ta wuce. Kusan rabin waɗanda suka mutu a Louisiana 'yan shekara 75 ne zuwa sama. Irin wannan lissafin na "gidan nan bai taɓa cin ruwa ba" mun san shi. Duk lokacin da aka yi gargaɗin sakin ruwa daga dam ɗin Lagdo na Kamaru, akwai mazauna bakin Binuwai da ke faɗin haka, kuma 2012 da 2022 sun nuna abin da kogin zai iya.

Kada a ɗauka ke nan gudu ne maganin kowa. Ƙasa da wata ɗaya bayan Katrina, guguwar Rita ta doso Texas. Mutanen Houston, da hotunan New Orleans ba su bar idonsu ba, suka fito gaba ɗaya, har da waɗanda ke kan tudu nesa da teku. Fiye da mutum miliyan biyu suka hau titi lokaci guda cikin zafi mai tsanani. Motoci suka tsaya cak, mai ya ƙare, wasu suka kwana a hanya. Wata bas ɗauke da tsofaffi daga gidan kula da su ta kama wuta kusa da Dallas, mutum 23 suka mutu. Gudun kansa ya ci rayuka fiye da 100, ita kuwa Rita ta kauce wa Houston ta sauka kan iyakar Texas da Louisiana. Wanda ya fita ba tare da buƙata ba ya tare wa mai buƙata hanya. Da guguwar Harvey ta zo a 2017, magajin garin Houston Sylvester Turner ya ƙi ba da umarnin fita, yana kafa hujja da Rita. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan haka, domin ruwan saman da Harvey ta zubar ya haura mita ɗaya da rabi a wasu wuraren kudu maso gabashin Texas. Ni dai ina ganin yana da hujja: da ruwan nan ya tarar da miliyoyin mutane cikin motoci a kan tituna, da abin ya fi haka muni.

Idan na haɗa biyun, ga yadda na fahimci ƙa'idar. Wanda ke shiyyar da toroƙon teku zai kai, ko a gidan da iska za ta iya ɗagawa, ko yake da majinyacin da rayuwarsa ta dogara da wutar lantarki, ya fita, kuma da wuri. Ba sai ya tsallaka jiha ba. Kilomita talatin ko hamsin zuwa gidan ɗan uwa a kan tudu ta wadatar. Wanda ke gini mai ƙarfi a wurin da ruwa ba ya kaiwa, kuma ba a umarce shi da fita ba, zamansa ya fi.

Shi mai zama kuma akwai aiki a gabansa. Ruwan sha kusan lita huɗu ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku. Abincin da ba ya buƙatar girki, magunguna, tocila, rediyo mai batir. Tsabar kuɗi a hannu, don na'urar cirar kuɗi ba ta aiki idan wuta ta ɗauke. Takardun gida da na shaida a ɗaure cikin leda. Tagogi da katako ake rufe su. Liƙa musu salatif ba ya hana komai. Idan iska ta tsaya cak a tsakiyar guguwa, idonta ne ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta, kada a fito. Idan ruwa ya shigo gida, kada a shige tsakanin silin da rufi ba tare da hanyar fita ba. Mutane sun mutu a irin wannan wuri lokacin Katrina. Janareto kuma waje ake ajiye shi, nesa da taga. Bayan guguwar Laura a 2020, hayaƙin janareto ya kashe mutane da dama a Louisiana da guguwar kanta ta bari da rai. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota.

Sauran waɗanda suke so su fita amma ba su da hali, wannan nauyin hukuma ne. New Orleans ta gwada gyara shi a 2008 da guguwar Gustav ta taso. An ware wurare 17 a unguwanni inda duk wanda ba shi da mota zai je ya tsaya, aka fara kwasa kwana biyu kafin guguwar ta sauka, aka fitar da kusan mutum 18,000 a bas da jirgin ƙasa da jirgin sama. A kudancin Louisiana gaba ɗaya, kusan mutum miliyan biyu ne suka bar gidajensu a wannan karon.