Yadda Ake Koya wa Yaro Natsuwa a Bakin Komadugu

Da yawa daga yaran Diffa da Bosso sun taso ne bayan harin da aka kai wa garuruwan a Fabrairun 2015, wasu a sansanin Sayam Forage, wasu a bukkokin gefen babbar hanya. Yaron da ya saba da gudun tsakar dare, tsawa ba ta zaunar da shi. Sai an bi shi a hankali an koya masa natsuwa, kamar yadda ake koya masa iyo.

Mabiya addinin Buddha sun daɗe da tsara wannan koyarwa. Wani malaminsu ɗan ƙasar Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya kafa cibiyar Plum Village a Faransa a 1982 kuma ya rasu a 2022, yakan sa yara su riƙe tsakuwa huɗu, kowace da abin da take wakilta: ɗaya fure, ɗaya dutse, ɗaya ruwa kwance, ɗaya sarari. Ba aƙidarsu nake cewa a ɗauko ba, dabarar kawai. Mu ma Suratul Gashiya ta ja hankalinmu ga kallon raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa.

A zaɓi bayan la'asar, musamman a Nuwamba da Disamba lokacin da kogin ya cika. Amma Komadugu iyaka ce da Najeriya, don haka a tambayi manya inda ke da lafiya. In bakin kogi bai yiwu ba, lambun tattasai ya wadatar. Yara biyar ko shida sun isa, kuma kada a fito da su da yunwa.

Da numfashi ake farawa. Ƙasar nan rairayi ce, tsakuwa sai an nema, to a ba kowa ƙwallon goriba. Ya kwanta rigingine a tabarma, ya ɗora shi a cibiya, ya kalli yadda yake hawa da sauka. Za su yi dariya, ƙwallon zai gangaro. A bar su. Zuwa numfashi na goma dariyar kan lafa da kanta.

Sai saurare. Mabiya Buddha ƙararrawa suke kaɗawa. Mu tasa da cokali. A buga sau ɗaya, a ce duk wanda ya daina jin amon ya ɗaga hannu. Daga nan a tambaye su me kuma suke ji. Wannan ya ce injin ban-ruwa, wancan ya ce kurciya, wata ta ce jaki daga nesa.

Inda na fi so a daɗe shi ne kallo. A ba kowane yaro gindin tattasai guda, ya zama nasa. Duk mako ya zo ya tsuguna gabansa: yau farin fure, wani mako ɗan kore kamar ƙwayar wake, can ya fara ja daga gefe ɗaya. Ya juya ganye ya ga ƙwaron da ke ƙarƙashi, ya tsoma yatsa ya ji ko ƙasa na da laima. Kada babba ya riga shi magana. In ya tambayi inda ruwan ya fito, a gaya masa damina ce ta ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ta biyo kogin Hadeja da na Jama'are, ta ratsa Gashuwa, tana neman Tafkin Chadi.

A rufe da magarya ɗaya ɗaya, a yi bisimilla, a tauna a hankali har sai ƙwallo ya rage.

Duka kada ya wuce minti goma sha biyar. Akwai yaron da in ya rufe ido sai firgita ta taso masa. Kada a tilasta shi. Ya zauna kusa da uwarsa ko malaminsa, idonsa a buɗe, ya riƙa ƙirga balbelun da ke bin shanu.